Ranar Da Ƙwaƙwalwar Inji Ta Mutu

Duk wanda ya taɓa shiga babbar masana'anta, abin da ke motsi shi ke ɗauke masa hankali: injuna masu ruri, bel mai jan buhuna, bututai masu kaurin gindin itace. Da wuya baƙo ya kula da wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka, mai tsawon mutum, da ke jingine a bango, ko kuwa a kulle cikin wani ɗan ɗaki mai sanyi. Alhali kuwa daga nan ne ake ba dukan injunan nan umurni. In an buɗe akwatin za a tarar da waɗansu ƙananan akwatuna a jere bisa ƙarfe, kamar littattafai a kanta, kowane da wayoyinsa da ƴan fitilunsa, kore da ja da rawaya. Ma'aikatan da suka yi karatu da Faransanci suna kiran jerin nan gaba ɗaya otomat, masu Ingilishi kuma suna ce masa PLC. Ɗaya daga cikin ƙananan akwatunan, wanda bai wuce girman ƙaramin rediyo ba, shi ne shugaban sauran. A takardun masu sayarwa CPU ake rubuta sunansa. Mu a nan za mu kira shi ƙwaƙwalwa, domin aikinsa ke nan.

A ko'ina cikin duniya yau, da irin wannan na'ura ake tafiyar da wuraren tace ruwan sha, da na yin siminti, da matatun mai, da tashoshin wutar lantarki. Saboda haka mutumin Yamai mai jiran ruwan Gudal a famfonsa, da magini mai jiran simintin Malbaza, da direba mai jiran man matatar Damagaram wadda aka buɗe a 2011, duk maganar nan ta shafe su, ko da ba su taɓa jin sunan otomat ba.

Aikin minti 20

Wata shekara aikina na fassara ya kai ni wata masana'antar niƙa hatsi da haɗa abincin dabbobi, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ba ya jin Faransanci, an kuwa ɗauko masa wani masanin lantarki daga ƙasar waje, sai aka roƙe ni in yi musu tafinta. Ranar da muka isa, kwana 11 ke nan injunan suna tsaye. An yi hadari da tsawa, wuta ta ɗauke ta komo da ƙarfi, tun daga nan jar fitila ta kama a fuskar ƙwaƙwalwar ta ƙi mutuwa. Ƴan dako suna zaune a inuwar katanga, motocin da suka zo ɗaukar kaya sun gaji da jira sun koma wofi.

Baƙon ya zo da wata ƙwaƙwalwar irin waccan a cikin jakarsa. Ya kashe wuta, ya kwance noti, ya cire tsohuwa, ya ɗaura sabuwa. Na duba agogona, aikin bai kai minti 20 ba. Alhaji har ya soma hamdala. Sai baƙon ya juyo gare ni ya ce in tambayi mai gida inda aka ajiye kwafin tsarin umurni. Na fassara. Alhaji ya dubi yaronsa mai kula da lantarki, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ashe tun ranar da aka kafa injunan ba wanda ya taɓa gaya musu akwai wani abu mai wannan suna da ya kamata a karɓa a adana.

Kafin mu ga yadda aka ƙare, sai mun san abin da baƙon yake tambaya, domin duk maganar canza ƙwaƙwalwa a kansa take.

Daga waya zuwa rubutu

Dā can, kafin 1968, masana'antu da rele suke aiki, wato waɗansu ƴan makullan lantarki masu buɗewa da rufewa. Akan jera su ɗari-ɗari, har dubu, a haɗa su da wayoyi, yadda wannan in ya rufe zai ta da wancan. Tsarin aikin duka a jikin wayoyin yake. Mai gyara in yana da taswira da haƙuri, yakan bi waya da yatsa har ya gano inda ciwo yake. Wahalar ita ce ranar da aka so a sake tsarin aikin, sai an warware wayoyi an sake ɗinka su, injuna kuwa suna tsaye makonni.

Masu ƙera motoci a Amurka su abin ya fi damu, tun da kowace shekara sukan sake samfuri. A 1968 wani sashen kamfanin General Motors mai suna Hydramatic, mai ƙera giyar motoci, ya nemi a ƙago masa na'urar da za a iya sake mata aiki ba tare da an taɓa waya ba. Wani ɗan ƙaramin kamfani na kusa da birnin Boston, Bedford Associates, inda Richard Morley yake, ya fito da wadda aka sa wa suna Modicon 084, don ita ce aiki na 84 da suka yi. Sunan Modicon yana nan har yau, a hannun kamfanin Schneider Electric na Faransa. Jamusawa ma suka shigo, kamfanin Siemens ya fito da Simatic S5 a 1979, ta kuwa bazu cikin masana'antun duniya.

An sami sauƙi ƙwarai, amma wani abu ya sake wuri ba tare da kowa ya lura ba. Tsarin aiki ya bar wayoyi, inda ido ke ganinsa, ya koma rubutu a cikin ƙwaƙwalwa, inda ba a ganinsa sai da kwamfuta da wayar da ta dace. Wannan rubutu shi ne tsarin umurni. Ba a sayensa a kanti, domin kowace masana'anta da nata, wani masani ne ya zauna ya rubuta shi layi-layi daidai da injunanta.

Aikin ƙwaƙwalwa kuwa ya yi kama da na mai gadin da ke kewaya gida dare da rana ba hutu. Da fari takan duba labarin da katunan shiga suka kawo mata daga wajen injuna: tanki ya cika ko da saura, ƙofa a rufe take ko a buɗe, zafi nawa, nauyi nawa. Sa'an nan ta karanta tsarin umurni daga layin farko zuwa na ƙarshe, ta ga abin da aka ce a yi. Daga nan ta ba katunan fita saƙo, wannan inji ya tashi, wancan ya tsaya. Sai ta koma farko. Kewaye ɗaya bai cika wuce ƴan kaso kaɗan cikin dubu na sakan guda ba. Har ma akwai agogon da ke tsaronta: a samfurin S7-300 na Siemens, in ba a sake ƙa'idar ba, kewayen da ya wuce kashi 150 cikin dubu na sakan laifi ne, yana iya sa ta tsai da aiki. Masu ƙira sun fi son inji ya tsaya da ya ci gaba da gudu ba mai lura da shi.

Abin da ke kashe ta

Ƙwaƙwalwa ba ta da wani abu mai juyawa da zai cinye, shi ya sa ake samun waɗanda suka shekara 20 ko fiye suna aiki. Amma tana da abokan gaba, kuma yawancinsu ƴan garinmu ne. Na farko zafi. S7-300 in an kafa ta a kwance yadda aka saba, an yi ta ne don ta jure daga digiri 0 zuwa 60, in kuwa a tsaye ce, 40 kaɗai. Wanda ya san bazarar Tawa ko ta Agadas, inda ma'auni kan haura 40 a inuwa, ya san cikin akwatin ƙarfe rufaffe abin ya wuce haka, balle in na'urar sanyaya ɗakin ta lalace an ce a bari sai kuɗi sun samu. Akwai waɗansu ƴan gwangwanaye a cikinta, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira kondansa, masu ɗan ruwa-ruwa a ciki da ke bushewa sannu a hankali. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan rage kwanansu da rabi. Sai ƙurar hunturu, wadda ke toshe kafofin iska, in damina ta zo ta sha laima ta zama hanyar wuta. Sai tsawa da wutar da ke ɗaukewa tana komowa.

Akwai kuma batir. Tsofaffin samfura, irin su S5, suna riƙe da tsarin umurni ne cikin wata ma'ajiya mai mantuwa, wadda ke wofintar da komai da zarar wuta ta yanke. Ɗan batir ne, bai fi na tocila ba, ke riƙe mata da hankali in an ɗauke wuta. In batir ɗin ya mutu ba a lura ba, ƙwaƙwalwa lafiyarta lau, amma ran da wuta ta yanke sai ta farka ba ta san komai ba. Shi ya sa ake canza batir ɗin da wuta a kunne, abin da kan ba sabon ma'aikaci mamaki. Masu ƙira sun tanadi mafita, wato wani kati mai suna EPROM da ake zuba tsarin a ciki ya zauna daram ko ba wuta, sai da wani haske na musamman ake goge shi. A masana'antar Alhaji gurbin wannan kati wayam muka same shi.

A nan ya kamata in faɗi wani abu da baƙon ya yi ta nanatawa. Sau da yawa ana ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin da ba nata ba. Jar fitila a fuskarta ba lalle ta nuna ita ce ta mutu ba. Wataƙila akwatin da ke ba ta wuta ne ya raunana, ko waya ta saki, ko ɗaya daga katunan ya ƙone, ita kuwa kuka kawai take yi. Samfuran S7 suna riƙe da ɗan littafin tarihi a cikinsu, inda suke rubuta kowace matsala da ranarta da lokacinta. Mai hankali wannan littafi yake fara karantawa kafin ya ɗauki sukudireba. Wanda ya canza ƙwaƙwalwa bai gano abin da ya kashe ta farko ba, ya shirya sayen ta uku.

Yadda ake canza ta

In an tabbata ita ce, kuma tana da sauran numfashi, abu na farko shi ne a jona kwamfuta a kwashe duk abin da ke cikinta. Ana yin haka ko da akwai kwafi a ofis, domin kwafin ofis sau da yawa na ranar buɗe masana'anta ne, alhali a cikin shekaru an yi ta ƴan gyare-gyare da dare, ba wanda ya rubuta.

Sa'an nan a tsai da injuna yadda ba za su cuci kowa ba. Wannan ba wasa ba ne. Sabuwar ƙwaƙwalwa in ta tashi tana iya ta da inji nan take, alhali hannun wani yana ciki. Akan kashe babban makullin wuta, mai aikin ya sa masa kwaɗo nasa na kansa, ya riƙe ɗan mabuɗin a aljihu, ya rataya takarda mai sunansa, don kada wani ya zo da kyakkyawar niyya ya kunna.

Sai a gwada lambobi. Kowace ƙwaƙwalwa da lambar samfurinta a goshi. A Siemens, na dangin S5 da 6ES5 suke farawa, na S7 kuma da 6ES7. Biyu suna iya yin kama kamar tagwaye a ido, amma harafi ɗaya ya raba su, wannan ma'ajiyarta ta fi waccan girma, ko kafar haɗa waya ta bambanta. Ban da lambar samfuri akwai kuma lambar tsarin asali, wato ɗan umurnin da kamfani ya zuba mata tun daga inda aka ƙera ta. In bai dace da wanda aka rubuta tsarin masana'anta dominsa ba, tana iya ƙin karɓa.

Wajen ɗaukar ta kuma akwai ladabi. Kowa ya san yadda rigar leda kan yi ƙara da tartsatsi in an tuɓe ta da hunturu, ko yadda ƙofar mota kan ɗan ja mutum. Wannan wutar da ke taruwa a jiki, wadda ke ƙaruwa in iska ta bushe, ta isa ta ƙone abin da ke cikin kati ba tare da an ga alama ba, sai bayan watanni ciwon ya fito. Don haka mai aiki yakan ɗaura wani madauri a wuyan hannu, mai wayar da ke haɗe da ƙarfen akwati, ba ya kuma fitar da sabuwar daga jakarta sai lokacin ɗaurawa.

Sababbin S7-300 sun kawo sauƙi, domin an daina sa musu batir, tsarin umurni yana zaune cikin ɗan katin ajiya mai girman kan sarki. In ƙwaƙwalwa ta mutu sai a zare katin a sa wa sabuwa. Amma shi ma da tarkonsa. Katin ya yi kama da na kyamara, in an sa shi cikin kwamfuta ta gida takan ce ba ta gane shi ba, ta nemi izinin share shi. Wanda ya amsa mata da to, ya yi hasarar tsarin, ya kuma lalata katin.

Bayan an ɗaura, an zuba tsari, da sauran aiki. Ƙwaƙwalwa tana magana da waɗansu na'urori ta waya ɗaya, kowace da lambar gidanta, sabuwa kuwa takan zo da lambar da kamfani ya sa wa kowa. In ba a gyara ba, allon da ma'aikaci ke dubawa zai yi ta kira ba amsa. Akwai agogonta da za a daidaita. Akwai kuma abin da ya fi kowane saurin ɓata, wato lambobin aiki: kilo nawa na dusa za a zuba, sakan nawa za a jira kafin inji na biyu ya bi na farko, a wane zafi za a yi ƙararrawa. Waɗannan ma'aikata ne ke daidaita su da hannu shekara da shekaru, sau da yawa kuma ba sa cikin kwafin da aka ajiye. Daga ƙarshe a gwada katunan shiga da na fita ɗaya bayan ɗaya, injuna suna kashe, kafin a saki aiki.

Inda tsayawar minti ɗaya ma hasara ce ko haɗari, akan kafa ƙwaƙwalwa biyu masu aiki tare, irin S7-400H, a haɗa su da wayar haske, kowace ta san abin da ƴar'uwarta take ciki. In ɗaya ta faɗi, ɗayar ta ɗauka nan take, a canza matacciyar injuna suna gudu. Sai dai tsadarta ta sa ba kowace masana'anta ke iya ta ba.

Ranar da kamfani ya daina ƙerawa

Duk abin da muka faɗa, a kan canza ƙwaƙwalwa da irinta ne. Akwai wata rana mai zuwa wa kowace masana'anta, ranar da za a nemi irinta a rasa. Siemens ta fito da dangin S7 a tsakiyar shekarun 1990, ta yi ta janye S5 sannu-sannu, har ta rufe maganarta a 2020. Kamfanin Rockwell na Amurka ya daina ƙera PLC-5, wadda ke da tambarin Allen-Bradley, a watan Yuni na 2017, bayan ta shekara wajen 30 a kasuwa. S7-300 ɗin ma da muke ta ambato, layi ya zo kanta: ran 1 ga Oktoba 2023 aka sanar da soma janye ta, aka sa 1 ga Oktoba 2025 ranar daina sayar da ita don sabon aiki, kayan gyara kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da bayarwa har 2033. Magajiyarta ita ce S7-1500.

Wanda ya ƙi motsi sai ya koma kasuwar kwance, inda ake sayar da waɗanda aka ciro daga rusassun masana'antu, ba a san shekarunsu ba, ba a san wahalar da suka sha ba, wani lokaci ma jabu ne. Ko kwamfutar da za ta yi magana da S5 sai an tona, domin manhajarta ta zamanin faifai ce, wayar haɗinta ma ta dabam ce.

Wanda kuwa ya yarda ya ƙaura zuwa sabon dangi, aikin fassara ne ke gabansa, kuma a matsayina na mai wannan sana'a na ji tausayin masu yinsa. Akwai manhajar da ke juya tsarin S5 zuwa harshen S7, amma takan bar waɗansu layuka ta ce mutum ya ƙarasa da hannu, kamar yadda ƙamus kan kai ka bakin karin magana ya tsaya. Wani abin mamaki, saurin sabuwar ma yana iya zama matsala. Waɗansu marubutan dā, maimakon su yi amfani da agogo, sukan ƙidaya kewayen ƙwaƙwalwa su ce in ta kewaya sau kaza a buɗe ƙofa. In an kawo mai sauri ninki goma, ƙofar za ta buɗe tun buhu bai iso ba. Ga kuma maganar sharhi. Marubucin kirki yakan rubuta bayani a gefen kowane layi, ya ce wannan na injin niƙa na biyu ne, wancan na ma'aunin nauyi. To a S5 da S7-300 wannan sharhi ba ya shiga cikin ƙwaƙwalwa, a kwamfutar marubucin yake zama. Wanda ya kwaso tsari daga ƙwaƙwalwa lambobi tsirara zai samu, sai ya bi waya ɗaya-ɗaya ya gano ma'anar kowace.

Sai kalmar sirri. Tana da amfaninta, ba mai musu. Tun 2010, da aka gano wata muguwar manhaja mai suna Stuxnet wadda aka shirya don ta shiga otomat na Siemens a tashar tace yuraniyom ta Natanz, a ƙasar Iran, ta lalata injuna alhali allo yana nuna lafiya lau, duniya ta san ba kowace kwamfuta ake jona wa ƙwaƙwalwa ba. Amma kulle tsari don tsaro dabam, kulle shi don mai masana'anta ya kasa kiran kowa sai wanda ya kafa masa, wannan kuma dabam.

Ga masu sa hannu a kwangila

Takardun sharuɗɗan kwangila da yawa sun ratsa hannuna. Za ka ga an ƙidaya injuna da bututai har da noti, an faɗi kaurin fenti, amma tsarin umurni ko dai ba a ambace shi ba, ko kuwa an taɓa shi da rabin layi. A ganina wannan kuskure ne babba, gyaransa kuwa ba ya cin ko dala. Ya kamata a rubuta baƙi da fari cewa ba za a biya kashin ƙarshe na kuɗi ba sai an miƙa tsarin umurni cikakke, da sharhinsa, cikin harshen da ma'aikatanmu ke karantawa, tare da kalmomin sirri, da manhajar buɗe shi da wayarta. Kada kuma a wadatu da karɓar faifai a sa a aljihun tebur. A kawo ƙwaƙwalwar ajiya, a zuba mata kwafin a gaban kowa, a ɗaura ta, a ga injuna sun tashi. Kwafin da ba a gwada ba, ba a san ko kwafi ne ba.

Ƙwaƙwalwar ajiya ma a sa ta cikin kwangila tun farko. Ƙasarmu ba ta da bakin teku, daga tashar Kwatano zuwa Yamai tafiyar wajen kilomita 1000 ce, mun kuma ga yadda hanyoyi suka rufe a 2023. Ko a Turai, cikin 2021 da 2022, lokacin da aka yi ƙarancin ƴan ƙananan kayan lantarki a duniya, masu masana'antu sun yi watanni suna jiran otomat da kuɗinsu a hannu. Ma'aikata kuwa muna da inda ake horar da su, ga makarantar EMIG a Yamai, ga makarantar fasaha ta Dan Kassawa a Maraɗi. Abin da ya rage shi ne a rubuta a kwangila cewa yaranmu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da masu kafa injuna tun ranar farko, a bar su su taɓa da hannunsu, maimakon a kira su ranar biki su riƙe almakashi.

Littafin Baba

Mu koma wajen Alhaji. Kamfanin da ya kafa masa injunan ya daɗe da rufewa, wasiƙa ta tafi ba amsa. A kwana na biyu aka tuna da wani kwali a ɗakin ajiya, aka tono shi, sai ga tsarin umurni an buga a takarda, shafi fiye da ɗari, gara ta ci gefen waɗansu. Na ranar buɗewa ne, amma da babu gwamma ba daɗi. Baƙon da yaron lantarki suka zauna suna shigar da shi layi-layi, inda gara ta ci kuma su tashi su bi waya. Kwana 6 suka yi a haka.

Da aka gwada, injuna suka tashi, amma haɗin bai yi ba. Dusa ta yi yawa, gishiri ya yi kaɗan, wani bel yana tashi kafin ɗan'uwansa, kaya suna zubewa ƙasa. Lambobin aiki sun tafi tare da tsohuwar ƙwaƙwalwa. Ana cikin wannan sai wani dattijo mai kula da ma'auni, wanda kowa ke kira Baba, ya matso ya ce mini: "Malam, gaya wa baƙon nan ina da ɗan littafi, in zai yi amfani." Ya shiga ɗaki ya fito da littafin ƴan makaranta wanda hannu ya sa ya yi baƙi. Baba bai taɓa zama a lakkol ba, ajin yaƙi da jahilci ya yi da girmansa. Tun da ya iya rubutu, duk ranar da aka sake wata lamba a allo sai ya rubuta ta da Hausa, da kwanan wata, da dalili: masara ta zo da laima, an ƙara jira sakan 4, an sake raga, an rage gudu.

Na zauna tsakaninsu ina karantawa ina fassarawa, baƙon yana shigarwa, Baba yana gyara mini inda ban gane hannunsa ba. A kwana na 20 da tsayawar injuna, bayan la'asar, buhun farko ya sauko daidai nauyinsa. Kafin baƙon ya tafi ya zuba tsarin a katin da ba ya mantuwa ya sa a gurbinsa, ya kuma yi kwafi uku: ɗaya a ofis, ɗaya wajen yaron lantarki, na ukun Alhaji ya kai gida ya sa cikin akwatin da yake ajiye takardun filayensa. An sayo wa Baba sabon littafi mai bango mai kauri, tsohon kuma ya ƙi bayarwa.